Ga ɗalibin da ke son zama malamin jami'a a fannin nazarin ƙasa daga tauraron ɗan'adam

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, muna roƙon ka ara mana fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi magana da ɗalibai da iyayensu a kan wani fanni da sunansa ya fi hanyarsa sanuwa. Shi ne nazarin doron ƙasa daga nesa, wanda a jami'a ake kira rimot sensin, tare da ɗan'uwansa, kimiyyar tsarin duniya. Tun da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024, ruwa ya ci Maiduguri, hotunan tauraron ɗan'adam na kafin ambaliyar da na bayanta suka yi ta yawo a wayoyi, matasa da dama ke tambayar ta ina ake shiga wannan harka, har mutum ya kai ga zama malami mai bincike a cikinta.

Da farko a san abin da tauraron yake yi. Na'urar da ke jikinsa tana auna hasken rana da ƙasa ta mayar sama, zango-zango, har da zangunan da ido ba ya gani. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, yana mayar da wanda ake kira infirared na kusa da yawa. Busasshiyar ƙasa kuwa ba ta bambanta su sosai. Idan ka ɗebe ja daga infirared, ka raba da jimillarsu, ka sami ma'aunin da ake kira NDVI, wanda ke tsakanin -1 da +1. Ruwa yakan faɗi ƙasa da sifili, tsurar ƙasa wajen 0.1, gonar masara da ta rufe a watan Agusta ta haura 0.6. Abin da muke kira hoto jadawalin lambobi ne, kuma malamin wannan fanni mai karanta lambobi ne.

Samun hoton ya daina zama matsala. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, kuma tun 2008 ta buɗe taskarsa kyauta ga kowa. Kowane ɗigo na hotunansa tun daga shekarun 1980 mita 30 ne kan 30, kuma kowane tauraro yana komowa kan wuri ɗaya bayan kwana 16. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana ba da ɗigon mita 10 duk kwana biyar, shi ma kyauta. Manhajojin sarrafa taswira da hotuna QGIS da SNAP kyauta ne, Google Earth Engine yana barin ɗalibai da masu bincike su yi lissafi a kan kwamfutocinsa, ba sai sun sauko da hoto mai nauyin kusan gigabait guda da datarsu ba. Nijeriya ma ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, kodayake yawancin kundayen ɗalibai a kan Landsat da Sentinel ake gina su. To, tunda ɗalibin Gusau da na Landan hoto ɗaya suke buɗewa, bambancinsu yana cikin abin da kowa ya iya yi da shi.

Tun daga sakandare ake aza tubali. Wanda ya gudu daga lissafi da fiziks ya zaɓi labarin ƙasa don yana ganin a nan zai huta, gudun gara ya yi ya faɗa wa zago. Digiri na farko yana iya zama a labarin ƙasa, safiyo da taswirar kwamfuta, kimiyyar yanayi, ilimin duwatsu, aikin gona, gandun daji, fiziks ko kimiyyar kwamfuta. Duk ƙofofi ne. Jami'ar Ahmadu Bello tana da Sashen Jiyomatiks, Jami'ar Fasaha ta Akure tana da sashe guda na rimot sensin, akwai safiyo a Bauchi da Yola da Minna. Abin da ya kamata ɗalibi ya fita da shi, ko daga wane sashe, shi ne ƙididdiga ta gaske, lissafin matiriks, ɗan kalkulas, sanin yadda haske ke ratsa iska, da iya rubuta umarnin kwamfuta da harshen Python ko R. Mai latsa maɓallan manhaja kawai yana iya yin taswira ɗaya mai kyau. Idan aka ce ya maimaita ta a kan hoto 400, sai ido ya raina fata. Sai sakamako: jami'o'i ba su cika ɗaukar sabon malami da ƙasa da babbar daraja ta biyu ba, kuma masu ba da tallafin karatu a kan wannan suke fara tacewa. Kayan aiki ba su da yawa: kwamfutar cinya mai RAM 16 da faifan SSD, wani faifan na ajiya daban, da hanyar caji idan an ɗauke wuta. A ajiye aiki a wuri biyu, don ɓarawon laftof bai san kundin shekara uku ba.

A digiri na biyu ake rabuwa. Akwai cibiyar horo ta AFRIGIST a Ile-Ife, wadda a da ake kira RECTAS, da cibiyar ARCSSTE-E da ke harabar Jami'ar Obafemi Awolowo. Akwai Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero. Akwai AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma da ruwa, a Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari. A waje kuma ITC da ke Jami'ar Twente a Holan ta daɗe tana horar da 'yan Afirka. Amma sunan makaranta ba ya ceton ɗalibi daga wani tarko da ya cika ɗakunan karatunmu, kuma a kansa muke so mu ɗan daɗe.

Tarkon shi ne kundin "sauyin amfani da ƙasa". Ɗalibi ya ɗauki ƙaramar hukumarsu, ya sauko da hoton 1986 da na 2003 da na 2023, ya raba ƙasa gida biyar: gari, gona, daji, ruwa, fili. Ya fenta su da launi, ya rubuta cewa daidaiton aikinsa kashi 96 ne cikin 100, ya ƙare da cewa hamada tana gusowa, gwamnati ta dasa itatuwa. An yi wannan kundi sau ɗaruruwa, sunan gari kawai ake canjawa. Babu tambayar da ya amsa, kuma sau da yawa ma ba daidai ba ne. Ga inda yake karyewa.

Idan hoton farko na watan Nuwamba ne, na ƙarshe na Afrilu, abin da ɗalibi ya auna shi ne bambancin kaka da bazara, ya kira shi kwararowar hamada. Dole a daidaita wata, a kuma duba ko shekarar ta yi ruwa ko fari ce, ta hanyar bayanan ruwan sama irin na CHIRPS da suka faro daga 1981. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana ƙara jan haske, ta danne NDVI, sai daji ya yi kamar ya mutu alhali hazo ne. Mafi tsabtar sararin samaniyarmu yakan faɗo daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazo ya yi kauri. Hotunan Afirka ta Yamma na shekarun 1990 ba su da yawa a taskar Landsat, kuma Landsat 7 ya sami matsala ranar 31 ga Mayun 2003, inda daga nan kowane hotonsa ya riƙa zuwa da zane-zanen giɓi da suka cinye kusan kashi 22 cikin 100.

Akwai kurakuran da suka fi waɗannan ɓuya. A Landsat 5 da 7, ja shi ne zango na 3, infirared na 4. A Landsat 8 da 9 an matsa: ja na 4, infirared na 5. A Sentinel-2 kuwa na 4 da na 8. Wanda ya kwafi tsohon lissafi ya ɗora a kan sabon tauraro zai sami taswira mai launi, ba ta kuma da ma'ana ko ta anini. Lambobin Landsat da aka riga aka gyara wa tasirin iska sai an ninka su da 0.0000275 an ɗebe 0.2 kafin a yi amfani da su. Sentinel-2 kuma tun 25 ga Janairun 2022 aka ƙara 1,000 a kan lambobinsa, wanda bai cire ba zai ga kamar duk gonakin jiharsu sun sauya a dare ɗaya. Tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna aka zana su, GPS kuwa da ma'aunin duniya na WGS84 yake aiki. Idan aka haɗa su ba tare da juyawa ba, iyakar gona takan goce da gomman mitoci. Ko yankunan UTM, tsarin da ya yanka duniya shiyya-shiyya don zana taswira, uku ne a Nijeriya: Sakkwato tana 31, Kano 32, Maiduguri 33.

Sai abin da babu manhajar da za ta gaya maka, wanda kuma a nan ne ɗan ƙasa ya fi baƙo. Rufin soro da jar ƙasa aka yi shi, don haka a watan Maris tsohuwar unguwa da gonar da aka girbe kusan lamba ɗaya suke bayarwa. Kwamfuta sai ta mayar da rabin ƙauye gona, ko ta mayar da gona gari. Dutsen da ke bayan gari yakan fito a matsayin gine-gine. Inda aka ƙona daji yana yin baƙi kamar tafki. A fadamar Haɗeja da Nguru, kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa kore shar take fitowa, wanda bai je ba sai ya rubuta cewa noman shinkafa ya bunƙasa. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa, kuma wanda ya san haka zai iya ƙirga gawo da hoton Janairu. Manominmu yana shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya, kuma hekta guda ɗigo 11 ne kacal a Landsat, ɗigo 100 a Sentinel-2. Gonar da ba ta kai rabin hekta ba, ga kuka a tsakiya ga hanyar shanu a gefe, ba za a raba ta da ɗigon mita 30 ba. Da damina, lokacin da aka fi bukatar ganin gona da ambaliya, gajimare ya rufe komai, sai a koma ga rada ta Sentinel-1, wadda ke ratsa girgije dare da rana. Ita ma da nata halin: shimfiɗaɗɗen ruwa baƙi yake fitowa, amma busasshen rairayi mai santsi da kwaltar filin jirgi su ma baƙi suke fitowa. An sha zana ambaliya a kan tudun yashi.

Maganar kashi 96 ɗin nan kuwa, yawanci daga wuraren da aka koya wa kwamfuta aka ɗebo wuraren gwada ta, wato ɗalibi ya ba kansa jarrabawa ya kuma yi wa kansa maki. Ƙa'ida ita ce a ware wuraren gwaji daban, a zaɓe su da ƙuri'a, aƙalla 50 ga kowane rukuni, a je a gani ko a duba hoto mafi kaifi. GPS ɗin waya yana kuskuren mita 3 zuwa 10, saboda haka a tsaya tsakiyar gona, ba bakin iyaka ba, a ɗauki hoto ta gabas da yamma, kudu da arewa, a rubuta kwanan wata. Kuma a yi wannan ɗan lissafi: idan kowace taswira ta yi daidai da kashi 85, haɗa biyu don gano sauyi yana iya saukowa wajen kashi 72. Wanda ya ce daji ya ragu da kashi 4 bisa irin wannan taswira, kuskurensa ya fi abin da ya gano girma. Kafin fita fili a karɓi takarda daga sashe, a fara gaida dagaci ko mai unguwa, a nemi ɗan gari ya yi rakiya. Mutum da na'ura a hannu yana zagaya gonar wani, ba a rasa mai zaton filin za a ƙwace. Jirgi maras matuƙi sai da izinin hukumar jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Inda babu tsaro kuwa, kada a je. Babu kundin da ya kai rai.

Digiri na uku tambaya yake so, kuma a nan kimiyyar tsarin duniya take shigowa, wato nazarin yadda iska da ruwa da ƙasa da tsirrai da mutane ke juya juna. Yankinmu yana cikin manyan azuzuwan wannan ilimi. A 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa kiwo da saran daji suna tsiraita ƙasa, ta riƙa mayar da haske, ruwan sama ya ragu. Daga baya bincike ya nuna cewa zafin saman tekuna ne babban abin da ya jawo farin shekarun 1970 da 1980, kuma hotunan tauraro sun nuna Sahel ya sake yin kore tun tsakiyar shekarun 1980. A Maraɗi da Damagaram manoma da kansu suka bar kututture ya tofo a gonaki, har aka kiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo, kuma kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin na tauraro ne ya tabbatar wa duniya. A 2020 wani bincike ya ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 ɗaya bayan ɗaya a yammacin Sahara da Sahel, a wuraren da taswirori suka ce babu komai. A kudu maso yammacin Nijar, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi sama da wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007 duk da ruwan sama ya ragu, domin share daji ya sa ruwa yana gudu zuwa tafkuna, daga nan ya nutse. Tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, amma bai ci gaba da ƙafewa ba kamar yadda ake ta maimaitawa a taruka, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye ƙarƙashin ciyayi inda hoton haske ba ya gani. Kowanne daga cikin waɗannan da tambaya ya fara. Tamu ma tana nan jibge: nawa ne ainihin filin noman rani a Kano da Jigawa, kuma rijiyoyin burtsatse nawa ƙasar za ta iya ɗauka? Me madatsun Tiga da Challawa suka yi wa lokacin zuwan ruwa a Gashuwa? Unguwannin da aka gina a kan kududdufan Kano, ina ruwansu yake zuwa yanzu?

Matakan aikin sanannu ne. Mai digiri na farko yana shiga a matsayin GA, wato malami mai koyon aiki, mai digiri na biyu mataimakin lakcara, mai digiri na uku Lakcara II. Daga nan Lakcara I, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa, kuma galibi aƙalla shekara uku tsakanin mataki da mataki. Ba tare da digiri na uku ba, tafiya takan tsaya kafin babban lakcara. Matakai biyu na ƙarshe sai an aika takardun mutum ga masu tantancewa na wasu jami'o'i. A Nijar hukumar CAMES ce ke wannan tantancewa. Abin da ke kashe sabon malami shi ne kaya: aji mai ɗaruruwan ɗalibai, jami'in jarrabawa, mai kula da 'yan aji ɗaya, sakataren kwamiti, ga karatun daktansa a sashen da yake koyarwa, a ƙarƙashin wanda shi ne shugabansa. Haka shekara uku ke zama takwas. Idan da hali a yi digiri na uku a wani wuri, ko a nemi tsarin da ake raba lokaci tsakanin gida da waje. Shirin WASCAL na nazarin sauyin yanayi, da Jamus ke tallafawa, yana da cibiyoyi a Akure da Minna da Yamai. Cikin masu ba da tallafin karatu akwai DAAD, da Commonwealth, da TWAS, da OWSD ga mata. Malamin da ya riga ya kama aiki yana da TETFund ta hannun makarantarsa. Duk suna son gajeren tsarin bincike mai tambaya ɗaya bayyananniya, kuma wasiƙar da aka aika wa farfesa hamsin iri ɗaya ba ta samun amsa. A karanta takardu biyu na mutum, a rubuto masa abin da za a iya ƙarawa daga ƙasar da shi ba ya iya zuwa.

Wallafa ita ce kuɗin wannan kasuwa, kuma jabu ya yi yawa. Mujallar da ta turo maka saƙo tana yabonka, ta ce za ta buga cikin sati ɗaya idan ka biya, guje ta. Tana iya wucewa a kwamitin ƙarin girma yau, ta zama abin kunya a gaban mai tantancewa gobe. Mujallu irin su Remote Sensing of Environment da International Journal of Remote Sensing sukan ɗauki watanni, su dawo da gyara shafi-shafi, ko su ƙi. Ƙin ba mutuwa ba ne, gyaran nan ma karatu ne kyauta. Wasu mujallun suna neman dala 2,000 ko fiye kafin su buɗe takarda ga kowa, amma da yawa suna da hanyar bugawa ba biya, wasu kuma suna yafewa idan aka roƙa tun kafin a miƙa. Al'adar "sa sunana in sa naka" tana cika takardar neman ƙarin girma, sai ranar da aka ce mutum ya tashi ya kare aikin. A buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, a rubuta suna iri ɗaya kullum, don Muhammad da Mohammed da Muh'd mutum uku ne a wurin kwamfuta. A ajiye umarnin da aka rubuta da bayanan fili yadda wani zai iya maimaita aikin.

Ba za mu ɓoye wa iyaye ba: albashin jami'a bai kai abin da mai wannan ƙwarewa zai samu a wasu wurare ba, kuma guraben ba su da yawa. Sai dai ilimin ba ya kwantai. Akwai hukumar sararin samaniya ta NASRDA da cibiyarta ta Jos, da hukumar hasashen yanayi ta NiMet, da hukumar kula da ruwa ta NIHSA, da hukumomin filaye irin su KADGIS da KANGIS, da shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL na dala miliyan 700 da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Ko yaƙin da aka yi da shan inna ya dogara da hotunan tauraro wajen gano rugage da ƙauyukan da ba sa cikin taswira. Malamin da ke hulɗa da waɗannan wurare shi ke samo wa ɗalibansa bayanai da kuɗin fita fili.

Muna da roƙo biyu. Ga shugabannin sassa: a daina amincewa da kundin da ba shi da wuraren gwaji na fili, a kuma sa darasin rubuta umarnin kwamfuta tun aji biyu. Ga hukumomin da ke riƙe da bayanan ruwan sama da na koguna: ɗalibin da ba shi da tallafi ba zai iya sayen bayanan shekara 30 ba, kuma ba tare da ma'aunin ƙasa ba babu yadda za a san ko tauraro gaskiya ya faɗa. A sauƙaƙa wa masu takardar shaida daga jami'a. Kai kuma Malam Edita, idan wani ya kawo wa jaridarka adadin kilomitocin da hamada ke ci a shekara, a tambaye shi hoton wane wata ya gwada da na wane wata.

Mun gode da fili. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Wasu malaman taswira da nazarin ƙasa,
daga Kano da Zariya